Neman Yaya Lawal a Sabo, Ibadan

Tun da na dawo daga Ibadan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai wani ya jawo benci ya ce, "Habu, wai da gaske can fata suke ci?" Kafin in haɗiye burodi wani ya ce, "To mutumin fa, shi ne ko ba shi ba ne?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntunsa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni majemi ne ɗan majemi. Abu na farko da sana'ar nan ta koya mini shi ne kada in yarda da fata sai na ɗaga ta a rana. Mahauci zai rantse maka ba ta da ko ƙwarzane, kana ɗagawa ka ga haske yana leƙowa ta inda wuƙarsa ta zarce. Haka nake yi wa mutane ma. Matata takan ce ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta, ni kuwa ban taɓa musa mata ba.

Yayanmu Lawal shi ne ɗan farin Inna. Ina ƙarami, ban ma isa shiga ramin jima ba, Baba ya ɗora shi a kan motar fatun shanu ya kai kudu ya sayar. Bai dawo ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Baba ya rasu bai sake sa shi a ido ba, Inna kuma ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji. An taɓa yi mana wata: wani ya zo ya ce ya ga Yaya a Fatakwal, ya ci tuwonmu ya sha addu'a, daga baya ta tabbata ƙarya ce tsagwaronta. Inna ta kwanta ciwo wata da watanni, har muka fid da rai. Daga nan na sa doka, duk mai labarin Yaya ya same ni a majema, kada ya taka gidan.

Ilu direban motar goro bai san dokar ba. A zaure ya tsaya, da muryarsa kamar ta mai shela, ya ce akwai wani mutum a unguwar Sabo ta Ibadan da ake kira Baba Basira, ba shi da lafiya, kuma an ce ɗan gidanmu ne. Ina yi masa alama ya rage murya, sai na ji sandar Inna a bayana.

Ta ce, "Za ka je ka duba."

Na ce, "Inna, kin manta na Fatakwal?"

"Ban manta ba. Yayanka yana da tawadar Allah a bayan kafaɗarsa ta hagu, faɗin tafin jariri. Ka duba da idonka. In ba shi ba ne ka dawo ka gaya mini."

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun daga Kano har Ibadan. In na kawo mata ɗan ƙarya, wannan karon ba za ta tashi ba. In kuwa na bar ɗanta na gaskiya ya mutu a hannun baƙi, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Don kada kowa ya san abin da ya kai ni, na naɗe 'yan jajayen fatun awaki na jimar hannuna na sa a jaka, in an tambaye ni in ce talla na zo.

A mota Allah ya haɗa ni kujera da wata mata mai suna Anti Ladi, mai sayar da man shafawa a Ibadan. Fuskarta fara tas kamar an fere doya, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin. Ni da na san abin da ake zuba wa fata ta saki launinta, na kalle ta na kau da kai. Kafin mu kai Zariya ta miƙo mini dabino, na ce na ƙoshi. Ta miƙo ruwa, na ce ba na jin ƙishi. Na sha jin labarin waɗanda suka karɓi abu a mota suka farka a bakin daji ba ko hula. Muna Kontagora maƙogwarona ya bushe kamar fatar da aka manta a rana, ita kuwa tana shan ruwanta tana kallona tana murmushi.

A gadar Jebba na san na bar gida. Wasu masu kaki suka tsayar da mu, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ɗaya ya zaro fatuna ya ɗaga, ya yi mini tambaya da wani Turanci mai gudu. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Anti Ladi ta leƙo ta taga ta ce masa, "Oga, na sikin!" Ta ƙara wasu maganganu, ya shinshina fatar, ya yamutse fuska, ya jefo mini abata. Da muka tashi na tambaye ta me ta ce. Ta ce ta gaya masa fata ce, kuma ni ƙaninta ne, ba ni da cikakken hankali.

Daga nan dai na karɓi ruwan. Ita ce ta yi mini karatun kalmar har Ilori. Wai a wurin Bature fatar akuyata sikin ce, fuskar da take shafa wa mai sikin ce, ɓawon ayaba ma sikin ne, har yanar da ke kwanciya a kan madara in ta huce. Na ce mutanen da ba su raba fata da ɓawo ba, ba zan ba su ajiya ba. Ta dubi hannuwana da bagaruwa ta rina, ta ce tana da man da zai gyara su cikin mako biyu. Na gane inda alherin ya dosa, na mayar da hannuna aljihu.

Ibadan, wadda su Inna ke kira Badun, gari ne da ba ya ƙarewa, ka hau tudu ka gangara ka sake hawa, ko'ina jan kwano mai tsatsa. Mai keken da ya ɗauke ni yana jin na ce Sabo ya juyo da Hausa, amma wata Hausa mai jela, kowace magana sai ya liƙa mata "o" a ƙarshe. Na rantse sau biyu muka wuce wani shatale-tale a Mokola. Na ce, "Malam, nan ba mun wuce ba?" Ya ce, "Haba Baba, wancan daban ne o." Har yau ban yarda ba.

Sabo kuwa sai ka ce an yanko wani yanki na Fagge an dasa. Ga masu tsire, ga masu canji suna kiran mutane, ga kiran salla. Sai dai ka ji matashi mai hula zanna ya fara magana da Hausa, ya bi ta Yarbanci, ya fita ta Turanci, duk a numfashi ɗaya. Al'adarsu ita ce baƙo ba ya sauka haka kawai, sai a hannun wani maigida da zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa in wani abu ya taso. Ilu ya haɗa ni da Alhaji Maigoro, dattijo mai fara'a, wanda a Sabo aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi Bakano ne.

Bayan an kawo ruwa ya ce, "Malam Habu, me ke tafe da kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yan fatu na kawo talla." Na warware masa.

Ya yi dariya har da tari. "Wa zai sayi wannan a nan? Ai ka riga ka ɓata ta da jima, ba ta dafuwa. Mayar da abarka. Ilu ya bugo mini tun kuna Mokwa, na san wurin Baba Basira ka zo."

Kunya ta kama ni, amma zargi ya fi ta ƙarfi. Na ce a raina, wato kowa ya san da zuwana, an gama shirya mini ke nan.

Aka kawo abinci: amala baƙa, da miyar ewedu mai yauƙi kamar karkashi, da wasu manyan yanka masu sheƙi a kai. Na taɓa ɗaya da yatsa na gane ta nan take, ganda ce, su suna ce mata fomo. Mu a gida ganda abin marmari ce, a ɗan tsinta a miya. A can kuwa ita ce sarauniya, ba a biki sai da ita. Na ɗaga yankan na ce, "Alhaji, wannan fa da ta zo hannuna takalmi ce." Ya ce, "To ci takalminka, oya." Na ci. Ba zan yi muku ƙarya ba, na nemi ƙari.

Washegari da hantsi Alhaji ya ce kafin in ga mutumin, in fara ganin inda ya yi aiki. Muka hau tasi zuwa wajen Akinyele, bayan wata mayanka. Tun daga nesa hayaƙi ya tare mu. Mutane ne tsirara daga ƙugu zuwa sama, suna jefa fatun shanu a wuta suna babbakewa, wasu na kankarewa. Na ga wata fatar farin sa, babba, ba huda ba tabo, irin wadda nake shekara ban samu ba, aka ɗaga ta aka cilla cikin wuta. Sai da na riƙe hannun Alhaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce duk wanda ya fito daga gidanmu ba zai yi wannan aikin ba. Alhaji ya ce shekara ashirin mutumin ya yi a bakin wutar nan, hayaƙin ya cinye masa ƙirji, bara kuma jiri ya ɗebe shi ya faɗa ciki.

Gidan Baba Basira yana wani lungu a bayan Sabo. Wata mata Bayarabiya, kakkaura, ta tarye mu ta durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, yadda suke yi wa dangin miji ko da sun girme shi. Ita ce Iya Basira, matar mutumin. Ta ce da Hausarta ta Sabo, "Sannu da zuwa, Buroda. Ni na aika, shi bai sani ba o. Da zazzaɓi ya kama shi yana ta kiran Inna, yana kiran majema, yana faɗin sunan unguwa. Shekara da shekaru ina tambaya ina danginka, ya ce babu."

Na ce a raina, to, an fara.

Na shiga da shirin kama maƙaryacin da zai rungume ni yana kuka. Sai na tarar da wani ramammen mutum a kan tabarma, an lulluɓe kafaɗarsa da hannunsa na hagu da zane. Ya amsa sallama, ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai.

Na ce, "Ni ne Habu, ɗan Malam Sule majemi, daga Kano."

Ya ce, "Allah sarki. An wahalar da kai, Malam. Ni mutumin Gusau ne, ban san ku ba. Matar nan ce da rigima."

Duk tambayoyin da na tanado tun daga Zariya suka zube. Na nemi fuskar Baba a fuskarsa ban samu ba, na nemi ta Inna, ciwo ya riga ni. Da Iya Basira ta zo shafa masa magani na gyara zama yadda zan ga bayansa. Ta yaye zanen. Daga wuya har gwiwar hannu wuta ta cinye fatar, ta bar wani abu mai sheƙi a tattare. In ma an taɓa yin tawada a wurin, babu ita.

Na koma masauki ina ta juya abin. Wuta ta bar jiki duka, ta zaɓi daidai kafaɗar hagu? Na ce wannan dabara ce ta ƙwararru: shi ya musa, ita ta nace, ni in yi ta roƙo har in ɗauke musu majinyaci in kai wa tsohuwa. Na zargi matar, na zargi Ilu, na zargi Alhaji da amalarsa. Amma wani abu ya ƙi kwanciya. Duk macutan da na sani ido suke zuba maka, su ga ko ka haɗiyi ƙugiya. Wannan ko sau ɗaya bai yarda mun sake haɗa ido ba.

Da la'asar ɗin washegari na koma, na ce sallama na zo yi. Na tafi da jakata. Muna zaune, sai na zaro fata ɗaya na shimfiɗa a kusa da shi kamar ina gyara kaya, na juya ina yi wa Iya Basira maganar mota. Ta wutsiyar ido na ga hannunsa na dama ya fito daga zane. Ya shafa ta. Ya jawo ta kan gwiwarsa, ya naɗe wajen wuya, ya kai kunne ya murza yana saurare. Sannan ya taɓa gefen da harshe, ya tofar.

Ya ce, ba tare da ya san ya faɗa ba, "Bagaruwa ba ta ratsa wuya ba, an yi saurin tsamewa. Wa ke korar ka?"

Majema da yawa suna ɗanɗana fata, amma mutum ɗaya na sani da ke sauraronta da kunne, wato Baba, kuma duk yaron da ya yi gaggawa a gidanmu da wannan tambayar Baba yake tsinka masa mari. Ni ma da ita na girma.

Na ce, "Yaya."

Ya saki fatar. Yana kallon bango ya ce, "Baba fa?"

Na ce, "Ya rasu da daɗewa."

Ya yi salati, hawaye na bin ramin kuncinsa. Iya Basira ta fita ta ja mana ƙofa. A hankali, yana yi yana tari, ya gaya mini. Ruwa ne ya dake su a hanya, mota ta lalace, kafin su iso fatun Baba duk sun fara ruɓa. Ba wanda ya karɓa sai masu babbaka. Ya ce bari ya yi aiki wurinsu ya mayar da abin da ya lalace sannan ya koma. Shekara ta zama biyu, biyu ta zama goma. Daga baya ba asarar ce ta hana shi ba, kunyar ɗan majemi mai ƙona fata ce, da kunyar shirun da ya yi.

Na ce, "Inna tana nan da rai. Ita ta aiko ni. Tashi mu tafi."

Ya girgiza kai. "Dube ni, Habu. Ko Ilori ba zan kai ba. Ta riga ta yi kukana sau ɗaya ta gama. Kana so ta sake yi? Ka je ka ce mata ba ni ba ne. Ka yi mini alkawari."

Na yi gardama, na yi fushi, har na ɗaga murya ga yayana da ban fi awa guda da samu ba. Amma na tuna watannin da Inna ta yi a kwance, na ga ƙasusuwan ƙirjinsa suna hawa da sauka. Na yi alkawarin.

Da zan fita ya sa matarsa ta ɗauko wani abu daga ƙarƙashin gado. Buzu ne, fari sol, mai laushi. Iya Basira ta ce duk Babbar Salla, da maƙwabta ke babbake fatun ragunansu su cinye, shi sai ya roƙi guda ya jeme a cikin rabin duro a bayan ɗaki, ana yi masa dariya. Wannan shi ne na ƙarshe kafin wutar. Yaya ya ce, "Ka kai wa Inna ta riƙa salla a kai. Ka ce a kasuwa ka saya." Na ɗaga shi a hasken ƙofa, bisa al'ada. Ban sami ko huda ɗaya ba.

Hanyar dawowa ban san yadda ta wuce ba. Wani ya miƙo mini gyaɗa a Mokwa na karɓa na ci ban ko dubi fuskarsa ba. Ina ta maimaita maganar da zan faɗa har ta zauna a bakina.

Na sami Inna a tsakar gida da hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen can, ba ta tambayi abin da ya kai ni ba. Ni na gaji na ce, "Inna, na duba. Ba shi ba ne. Wani bawan Allah ne mutumin Gusau."

Ta ce, "To. Allah ya ba shi lafiya."

Na ce, "Ga tsaraba," na ɗora mata buzun a cinya.

Ta shafa gashin ta ce ma sha Allah. Sai ta kifa shi, yadda duk matar majemi za ta yi, ta bi cikin da tafin hannu daga wuya zuwa wutsiya. Ta tsaya. Ta sake bi, wannan karon da kan yatsu, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"A ina ka samu?"

"A kasuwa, Inna."

"Bi nan da hannunka." Ta kamo yatsuna ta ɗora. "Ka ji inda wuƙar kankara ta kwanta? Daga hagu take tafiya. Bahago ne ya yi wannan aikin. Har dukansa ubanku ya yi ya koma dama, ya ƙi."

Ni da nake taƙama ba a ɓoye mini komai a jikin fata, huda kawai na nema. Har yau ina zargin Yaya ya san abin da yake yi da ya ba ni buzun nan, amma wannan tsakaninsa da Allah.

Na buɗe baki in ƙara wata ƙaryar, ta ɗaga mini hannu.

"Ba shi da ƙarfin zuwa, ko?"

Na ce, "Ba shi da shi, Inna."

Ta naɗe buzun ta rungume, ta lalubi sandarta ta miƙe.

"To ni ina da shi. Je ka tambayo mini motar Badun."